Kiɗan da ya fi injin markaɗe ƙara: daga Bamingham zuwa wayoyin matasan gabashin Sakkwato

Akwai wata waƙa a duniyar nan da tsawonta bai cika daƙiƙa 2 ba. Kafin ka ɗage yatsa daga kan waya ta riga ta ƙare. Sunanta You Suffer, wasu samarin Ingila da ake kira Napalm Death ne suka fitar da ita a 1987, kuma kundin bajinta na Guinness ya sa ta a matsayin waƙar da ta fi kowace gajarta, daƙiƙa 1.316 cif. Babu baiti, babu amshi. Ihu ɗaya ne da rugugin ganga, shi ke nan.

Wanda bai san dawan garin ba zai ɗauka wasan yara ne. Amma 'yar waƙar nan tana cikin tushen wani nau'in kiɗa da a yau yake da mabiya daga Turai har Nairobi, kuma guntayensa na faɗowa cikin wayoyinmu babu ko sallama. Kun san halin TikTok, ba ruwansa da ko kana Landan ko kana Sisawa, in dai akwai data da sabis, abin da ya ga dama shi zai turo maka. Sai ka ga bidiyon barkwanci, akuya ta wage baki, an ɗora mata wani ihu mai tayar da tsikar jiki, a bayansa ganga na zuba kamar ƙanƙara a kan kwano. Ka ƙyalƙyale da dariya, ka tura wa abokai a WhatsApp. To ihun nan yana da masu shi, yana da tarihi, kuma wani sashe na tarihin akwai jini da toka a ciki. Gara mu san abin da muke turawa.

A masana'antar ƙarfe aka haife shi

Masu kallon Firimiya sun san Aston Villa. Unguwar Aston ɗin nan da ke birnin Bamingham ita ce mahaifar kiɗan da ake kira metal, wato ƙarfe. A ƙarshen shekarun 1960 wasu 'ya'yan talakawa su huɗu suka kafa ƙungiyar Black Sabbath a can. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfen da yake aiki. Maimakon ya haƙura da kiɗa, sai ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya ma ya sassauta su don kada su riƙa yi masa zafi. Sassautawar nan ce ta ƙara wa sautin nauyi da duhu. Faifansu na farko ya fito a watan Fabrairun 1970. Ranar 5 ga Yulin 2025 suka yi wasan bankwana a filin Villa Park, bayan kwana 17 kuma mawaƙinsu Ozzy Osbourne ya mutu.

Daga wannan tushe rassa suka yi ta fita, kowane na neman ya fi na gabansa zafi. Biyu daga ciki su ne abin maganarmu a yau.

Na farko shi ne baƙin metal. Ya samo suna daga faifan Black Metal da ƙungiyar Venom ta garin Newcastle ta fitar a 1982. Ana gane shi da jitar da ake karkaɗawa da sauri har sautinta ya koma kamar hucin iskar hunturu, da murya mai tsini kamar ta wanda aka shaƙe, da mawaƙa masu shafa farin fenti da baƙi a fuska don su yi kama da gawa. Abin da suke waƙewa kuwa duhu ne da mutuwa da Shaiɗan da ƙin addini. Su Venom burga suka ɗauki abin, hanyar jan hankali da sayar da faifai. Amma da kiɗan ya isa ƙasar Nowe, wasu samari suka ɗauke shi da gaske. Ranar 6 ga Yunin 1992 aka banka wa cocin Fantoft wuta a garin Bergen, ginin katako da ya haura shekara 800, wasu coci-cocin kuma suka biyo baya. A watan Agustan 1993 wani makaɗi mai suna Varg Vikernes ya daddaɓa wa Euronymous, mai jitar ƙungiyar Mayhem, wuƙa har lahira. A 1994 kotu ta ɗaure shi shekara 21 kan kisan da kuma ƙona coci-coci. Ya fito a 2009, sannan a 2014 wata kotu a Faransa ta same shi da laifin hura wutar ƙiyayya ga Yahudawa da Musulmi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu shi ne wanda Turawa ke kira grindcore. Tunda asalin kalmar niƙa take nufi, bari mu kira shi kiɗan markaɗe. Shi daga wata hanya daban ya ɓullo, daga samarin Ingila masu jin haushin gwamnati a zamanin Margaret Thatcher, lokacin da ake rufe masana'antu, rashin aikin yi ya yi katutu. Faifan Napalm Death na farko, Scum, waƙoƙi 28 ne a cikin kusan minti 33. Makaɗin gangarsu Mick Harris ya shahara da wani bugu da ake jerawa ba numfashi, wanda kan haura bugu 200 a minti guda. Don ka gane saurin, zuciyar mutum mai lafiya in yana zaune tsakanin 60 da 100 take bugawa. Waƙoƙinsu kuwa kan zaluncin manyan kamfanoni ne, da yaƙi, da wariyar launin fata. John Peel na gidan rediyon BBC ne ya riƙa saka su har duniya ta san da su.

Ka ga ke nan dukansu fushi ne, amma kowane da inda ya dosa. Ɗaya ya juya wa addini da jama'a baya, ɗaya kuma azzalumi yake nunawa da yatsa.

Da aka haɗa su a tukunya ɗaya

Masu son zafi ba su ƙoshi ba, sai suka haɗa duhun baƙin metal da saurin kiɗan markaɗe. Ƙungiyar da aka fi ambata a wannan haɗi ita ce Anaal Nathrakh, ita ma daga Bamingham, wadda mutum biyu suka kafa a ƙarshen shekarun 1990, Mick Kenney mai kiɗa da Dave Hunt mai murya. Faifansu na farko, The Codex Necro, ya fito a 2001. A 2018 suka fitar da wani da ya taɓo masifar Yaƙin Duniya na Ɗaya, shekara 100 bayan ƙarewarsa.

Yaya sautin yake? Ka ƙaddara ka tsaya tsakanin injin markaɗe da janareto, guguwa ta taso, wani kuma yana kwarara ihu daga cikin rijiya. Sai dai duk da kamar hauka ne, akwai lissafi a ciki. Makaɗin ganga da ƙafa biyu yake taka babbar ganga yayin da hannuwansa ke wani aikin, kuma in ya kuskure bugu ɗaya kowa zai ji. Mai ihun ma ba da maƙogwaro tsura yake yi ba, daga ciki yake turo iska, kuma wanda ya kwaikwaya ba tare da koyo ba kwana biyu muryarsa za ta dishe. Wani abin da zai ba ku mamaki, gangar da ke faya-fayan Anaal Nathrakh a kwamfuta ake tsara ta, kamar dai yadda masu situdiyo a Kano da Kaduna ke haɗa kiɗan waƙoƙin fim. Kayan aikin kusan ɗaya ne, abin da ake nema da su ne ya bambanta.

Afirka ma ta shiga

Da yawa sun ɗauka harkar Turawa ce zalla. Ba haka ba ne. A watan Agustan 2020 wasu samarin Kenya biyu, Martin Khanja da Sam Karugu, suka fitar da faifai a ƙarƙashin kamfanin Nyege Nyege Tapes da ke Kampala a Yuganda. Sun gauraya kiɗan markaɗe da ihun metal da sautin na'ura, har jaridun kiɗa na Turai da Amurka suka yi ta yabawa. Sunan ƙungiyar Duma, wanda a yaren Kikuyu yake nufin duhu. Mu kuwa a wurinmu duma shi ne uban ƙwarya da goge da gurmi, ka ga ashe sunan bai yi nisa da kiɗa ba.

A Botsuwana akwai ƙungiyar Overthrust daga garin Ghanzi da ke cikin hamadar Kalahari. Suna shirya bikin metal a garin, kuma abin da aka tara ana tallafa wa yara marasa galihu da shi. A Lome ta ƙasar Togo kuma akwai Arka'n Asrafokor, waɗanda ke haɗa jitar metal da gangunan gargajiya, suna waƙa da yaren Ewe. Kalmar asrafo a wurinsu mayaƙa take nufi. Faifansu Zã Keli ya fito a 2019. Su ba su je sun aro hunturun Nowe ba, kiɗan yaƙin kakanninsu suka ɗauko suka sa masa lantarki.

A ƙasashen Musulmi kuwa abin bai zo da sauƙi ba. A 2003 wata kotu a Kazablanka ta ƙasar Maroko ta yanke wa samari 14, makaɗa da masu sauraro, hukuncin ɗauri bisa zargin bautar Shaiɗan da taɓa addini, lamarin da ya jawo zazzafar muhawara a ƙasar.

Sakkwato ma tana cikin labarin jita

Kiɗan metal ba shi ake sakawa a gidan biki a Goronyo ko Rabah ba, wannan kowa ya sani. Amma jita mai ƙara tana da wata alaƙa da Sakkwato da yawancinmu ba mu da labari. Mdou Moctar, Buzun nan na Jamhuriyar Nijar da yanzu ake ji da shi a duniyar jita, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko mai suna Anar a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta na waƙoƙin finafinan Hausa. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya. Waƙoƙin ba ta rediyo suka yaɗu ba, ta Bluetooth da memori suka bi waya zuwa waya har suka tsallaka hamada, irin dai turin da ake yi a rumfar masu caji. A 2021 ya fitar da Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice, inda jitar ke ruri kamar za ta tsaga sifika, shi kuma yana caccakar mulkin mallaka da yadda ake kwashe arzikin ƙasarsa.

Kiɗansa ba metal ba ne, amma darasin a fili yake. Saurayi daga wannan yanki namu, da yarensa, da rawaninsa, ya ɗauki damuwar mutanensa ya kai ta manyan dandamalin duniya, kuma matakin farko a ƙasar Sakkwato ya taka shi.

Mu ma muna da namu mai zafin

Kafin mu ce Turawa sun haukace, mu waiwayi gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka ya san abin da kalangu ke yi wa jinin saurayi. Ɗan'anace, makaɗin ƙasar Sakkwato, in ya ɗauko waƙar Shago, mutuwa da kushewa da maza yake ambata, ba soyayya ba. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗan da in suka ji sai su tsuma, jiki na ɓari, wuƙa na yawo a kan fata. Kirarin ɗan tauri ai ba da lallausar murya ake yin sa ba, da ƙaraji ake yi har jijiyar wuya ta miƙe. Ita ma wannan tsumar, in aka ɗauke ta a bidiyo aka nuna wa mutumin Oslo, cewa zai yi wannan fa ya fi ƙarfinsa.

Har muhawarar da ake yi kan metal mun yi irinta. Gambo mai waƙar ɓarayi, daga ƙasar Kebbi, ya shekara da shekaru ana ce-ce-ku-ce a kansa. Wasu na cewa hoton al'umma yake nunawa, wasu na cewa zuga ɓarayi yake yi, har daga baya shi da kansa ya sanar da tuba. Wato tambayar ko waƙa madubi ce ko makami, ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa.

Abubuwa uku da ke kan faranti

Na farko, aƙida. Maganar halascin kiɗa tsohuwar magana ce, malaman jihadi kansu sun yi rubuce-rubuce a kanta, kuma fagen malamai ne. Amma akwai abin da ba ya buƙatar dogon bincike. Wani ɓangare na baƙin metal a fili yake zagin Allah da annabawa. Akwai wata ƙungiya a Finlan, cikin waɗanda suka fara wannan haɗin tun shekarun 1990, da sunanta kaɗai cin mutuncin Annabi Isa Alaihis Salam ne. Akwai kuma ɓangaren 'yan wariyar launin fata, masu ɗaukar Vikernes gwarzo, waɗanda a idonsu ni da kai, baƙaƙe kuma Musulmi, ba mu cika mutane ba. To ka duba abin kunya, saurayi daga Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, ya sayi riga a gwanjo mai wani rubutu kamar saiwar bishiya, ko ya ɗora sauti a bidiyonsa, alhali ma'anar abin zaginsa ne da zagin addininsa. Rashin sani ya fi dare duhu. Kafin ka saka, ka kwafi sunan ka bincika, minti biyu ya ishe ka. Kuma a yi adalci, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, su Napalm Death shekara da shekaru suna faɗa da 'yan wariya.

Na biyu, kunnenka. Wannan bai tsaya ga metal ba, ya haɗa da mai jin Hamisu Breaker da mai jin wa'azi da iyafis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti da ƙarfi. A ma'aunin ƙara da ake kira desibel, kunne zai iya ɗaukar 80 na tsawon awa 40 a mako, amma in ya kai 90 awa 4 kacal ne. Ƙananan gasun da ke cikin kunne masu kama sauti in suka mutu ba sa sake tsirowa. In ka cire iyafis ka ji kunnenka na yin ƙara shi kaɗai, gargaɗi ne. In na kusa da kai yana jin abin da kake ji, ka rage.

Na uku, kuma shi ne babba, fushi. A 2015 masu bincike a Jami'ar Queensland da ke Ostireliya sun gwada mutum 39 masu son irin wannan kiɗa. Suka sa su tuno abin da ke ɓata musu rai, sannan aka bar wasu su saurari kiɗan da suka zaɓa. Abin da aka gani shi ne kiɗan bai ƙara musu fushi ba, ya ma taimaka musu sun huce. Mutanen kaɗan ne, kuma dama masoya kiɗan ne, don haka ba magani ba ne da za a rubuta wa kowa. Amma ya nuna cewa fushin da ya samu ƙofa ya fi wanda aka kulle sauƙi.

Wa ya kai matashin gabashin Sakkwato dalilin fushi? A watan Oktoban 2021 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Wata guda kafin nan an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro. Manomi na biyan haraji ga ɗan ta'adda kafin ya shiga gonar da ya gada. Ga madatsar ruwan Goronyo a kan gulbin Rima, ga fadama, ga albasa da tafarnuwa da shinkafa, amma saurayi ya tattara ya tafi Legas ko Abuja tura baro. Wannan fushin dole ya bi ta wani wuri. Wani ƙwaya yake binne shi da ita. Wani zagi yake yi a Facebook daga safe har dare. Wani kuma, Allah ya kiyaye, daji yake shiga. Mun ma ga lokacin da waƙar yabon Bello Turji ta zagaya wayoyi, wasu na turawa don nishaɗi, alhali gawarwakin da ake binnewa na 'yan uwanmu ne.

A nan ne tarihin rassan nan biyu yake da amfani gare mu. Samarin Nowe na ɗaya daga ƙasashen da suka fi kowa wadata, fushinsu ba shi da alƙibla, sai ya ƙare a ƙona wurin ibadar maƙwabta da kashe aboki. Samarin Bamingham kuwa sun san abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, suka kira shi da sunansa, kuma kusan shekara 40 ke nan ana sauraronsu. Ƙarar iri ɗaya ce, niyyar ce ta raba su.

Ba cewa muke yi matasan Rabah su shafa fenti a fuska su hau ihu ba. Abin da Arka'n suka yi a Lome da wanda Mdou Moctar ya fara a Sakkwato ya fi kusa da mu, wato ka ɗauki abin gidanku ka faɗi abin da ke damun mutanenku. Muna da kalangu, muna da kotson Narambaɗa, muna da kirari, muna da waƙar baka da rubutacciya wadda Nana Asma'u ta ilmantar da mata da ita a wannan ƙasa. Wanda bai yarda da kiɗa ba yana da alƙalami da murya da kyamarar waya. Yawancin abin da duniya ke ji game da Goronyo da Wurno da Rabah alƙaluman mamata ne daga bakin wasu. Sunayen ƙauyukan da aka tasa, da gonakin da suka koma saura, da 'yan makarantar da suka daina zuwa, ku kuka san su. Ku rubuta, ku rera, ku naɗa, da Sakkwatancinku yadda yake, ba sai kun gyara harshe don wani ba.

Allah ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato da Arewa baki ɗaya.